Binciken wutar da kamfanin lantarki da ƙungiyar 'yan kasuwa suka yi min a shago, tauraro 3 na ba su cikin 5

Tun da na shiga shirin nan abokan sana'a suke ta damuna da tambaya, wai ya abun yake, da amfani ko ɓata lokaci ne, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Wurin aikin kafinta gare ni, muna yin kujeru da gadaje da ƙofofi, akwai injin tsaga katako, akwai na gogewa, akwai kwamfiresa ta feshin fenti, sai ɗan ofis mai AC ɗaya. Kamfanin wutar yankinmu ne ya haɗa kai da ƙungiyar 'yan kasuwa suka fito da shirin rage hayaƙin kabon. In ka yi rajista za a turo injiniya ya auna wutar da kake sha, a rubuto maka rahoto, in kana son sola a haɗa ka da masu sawa, sannan wai kamfanin zai rinƙa karɓar rarar wutar solarka yana rage maka a bil. Alkawari huɗu kenan. Biyu sun cika, ɗaya rabi da rabi, ɗayan kuma har yau jiran gawon shanu muke.

Taron farko kam saura kaɗan in tashi in tafi abuna. Awa biyu ana haska mana hotuna a bango, ana maganar yarjejeniyar da aka yi a Faris a 2015 cewa kar ɗumamar duniya ta kai digiri 2, in so samu ne ma ta tsaya a 1.5, da rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 da ya ce sai an rage hayaƙi da kusan kashi 45 cikin 100 kafin 2030 in aka kwatanta da na 2010. Duk gaskiya ne ban musa ba. Amma mai waldan da ke gefena har minshari ya fara, dan babu wanda ya ce mana ga yadda abun zai taɓa bil ɗinmu na ƙarshen wata.

Injiniyan da suka turo shi ne ya wanke su, wallahi yaron nan ya san aikinshi. Ya zo da wata na'ura kamar filaya, sai ya maƙala ta a jikin waya ta nuna mashi wutar da ke bi ta ciki ba tare da ya yanke komai ba, ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Da lokacin hutu ya yi ya ce kowa ya ajiye aiki a yi shiru. Muna tsaye sai ga kwamfiresa ta tashi da kanta, durrr. Ya kalle ni ya ce, "Malam, wa ke feshi yanzu?" Na ce babu kowa Injiniya. Ya ce, "To me ya tashe ta?" Ni dai na yi tsuru-tsuru, dan shekara da shekaru ina jin ƙarar nan na ɗauka haka halinta yake. Ya sa aka kawo ruwan sabulu a roba, ya rinƙa shafawa a mahaɗar tiyo, sai ga kumfa na tasowa har wuri uku, ɗaya ma inda wani yarona ya ɗaure da robar tayar keke ya ce min ai oga ya gyaru. Ya ce a wurin da ba a kula, yoyon iska na iya cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da kwamfiresa ke tarawa, wato kana biyan kuɗin wutar iskar da ko kan katako ba ta hau ba. Sannan ya nuna min mun ƙure matsin iskar fiye da abun da bindigar fenti ke buƙata, ya sassauta shi, fentin ma ya fi kwanciya lafiya. Ya kuma yi wa yaran faɗa kan barin injin tsaga yana juyawa alhali sun tafi ɗauko katako, ya ce kusan rabin wutar da ake sha a duniya gaba ɗaya motocin injina ne ke shanye ta, mu kuma sai mu tsaya muna faɗa kan cajin waya.

Ƙwayayen fitila lissafinsu ba wuya. Muna da tsofaffin nan masu zafi guda 14, kowanne wat 60, ya ce mu sa LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya. Bambancin wat 51 kenan, in ya yi awa 10 a kunne ka tsira da rabin yunit a kowane ƙwai, duka goma sha huɗun yunit 7 a rana. A bayan wani guntun filawud ya yi min lissafin da fensirina, har yanzu yana nan ban yar ba.

Inda muka yi gardama da shi kan janareta ne. Ya ce kowace litar dizal da ka ƙona tana fitar da hayaƙin kabon kusan kilo 2.7, na ce haba Injiniya, litar da ita kanta ba ta kai kilo ɗaya ba ta ina za ta haifi kusan uku? Ya yi dariya ya ce ai kabon ɗin cikin man haɗuwa yake da iskar da muke shaƙa lokacin ƙonewa, nauyin iskar ne ya ƙaru a kai. Na yi shiru. Ya ƙara da cewa tada ƙaton janareta dan fanka da fitilu kawai asarar mai ce kuma injin ma datti yake tarawa, wannan kam makanikena ya sha faɗa min ban ji ba.

Rahoton da suka turo shi ne rabi da rabin. Ya yi kauri, ga zane-zane masu kala, amma shafi ɗaya ne mai amfani, wanda aka jera a gyara kaza a canza kaza. Sun kasa hayaƙin gida uku kamar yadda ake yi a ko'ina: wanda kai ka tayar da kanka kamar na janareta, na wutar da ka saya a wurin kamfani, sai na kayan da kake sayowa da jigilarsu. Gida na ukun nan fayau suka bar shi. To dan Allah kafinta fa nake, duk sana'ata a kan itace take, in ba za ka tambaye ni daga ina katakona yake fitowa ba kuma ana dasa wani ko ba a dasawa, wane hayaƙi kake lissafawa?

Maganar sola ba laifi. An ce farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa irinmu ma muke iya ɗaga kai mu kalle shi. Cikin masu sawa ukun da suka haɗa ni da su ɗaya ya so ya yi min daɗin baki wai solar za ta ɗauki har injin tsaga, sai da na kira injiniyan ya ce kar in yarda, motar inji in za ta tashi tana fizgar wuta ninki da yawa kan wadda take ci tana tafiya, inbata ƙarama faɗuwa za ta rinƙa yi. Sai muka ɗora ofis da fitilu da fankoki kawai. Batir na litiyom na ɗauka, dan mai ruwan nan in kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Abun da babu wanda ya faɗa min shi ne ƙurar katako, tana kwanciya a kan faifan kamar an barbaɗa, in ba a wanke ba sai ka ga caji ya ja baya, yanzun duk sati sai yaro ya hau rufi da bokiti.

Sai mita mai lissafi gaba da baya, wadda ita ce za ta ƙirga abun da na tura musu. Na cike fom, an ce hoton bai fito ba, na sake, an ce sai wani ya zo ya duba wayarin, ya zo ya duba ya sa hannu, aka ce takardar tana wani ofis, na je ofishin aka ce a'a tana wurin ƙungiya, ƙungiya ta ce ita nata haɗawa ne kawai. Ranar da ba mu buɗe shago batir na cika tun kafin rana ta take, sauran wutar a banza take tafiya. Amma sitika mai koren ganye ta liƙawa a ƙofa, da takardar shaida wai ni ɗan kasuwa ne mai kishin muhalli, ko sati ba a yi ba suka iso.

A taro na biyu na ɗaga hannu na ce ranka ya daɗe, mu kun sa mun toshe tiyo mun canza ƙwai, ku wutar da kuke turo mana da me ake samar da ita, kuma nawa kuka rage? Dan har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar duniya da kwal ake yin ta, kuma gida na biyun nan na rahotona a hannunsu yake ba a nawa ba. Wakilin kamfanin ya gyara wuyan riga ya ce suna kan hanya. Ko lamba ɗaya bai ba mu ba.

In za ka shiga ka shiga dan injiniyan, ka ce ya zo ranar da aiki ya yi yawa ba ranar da shago ke shiru ba, kuma kar ka ƙara faifai dan sayar musu da wuta sai sun rubuta maka ranar kawo mita a takarda. Ni na ƙara biyu saboda wannan alkawarin. Jiya na sake kiransu, yarinyar da ta ɗauka ta ce in yi haƙuri in turo hoton fom ɗin.