Ɓarnar gona a Tahoua: gaban sarki ko gaban alƙali?

Idan shanun Bafulatani ko raƙuman Buzu suka faɗa gonar hatsi kafin gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi, hanya biyu ce ta raba rigimar: sarki ko kotu.

Gaban mai gari ko sarkin kanto, abin da sauri. A ranar ake zuwa gonar tare da ardo da ɗan kwamitin kula da filaye da ake kira Cofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. A bi sawun dabbobi tun iska ba ta shafe shi ba, a ƙiyasta damman da aka ci, a duba ko manomin ne ya nome burtali. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu, kowa ya dangwala yatsa. Nan ake yawan sakaci: sulhun baki, baɗi sai a musanta. Matsalar kuma, makiyayi baƙo ne, yakan ga sarki na manoma ne, musamman in ba tafinta.

Kotu hukuncinta ya fi ƙarfi, amma sai an fara gwada sulhu. Ga kuɗin mota, ga ɗage zama, garke kuwa ya yi kudu. In an zubar da jini, ba ruwan sarki, sai jandarma.