Kwana biyu ina koyon tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Langkawi

A hutun zangon karatu na je tsibirin Langkawi da ke Malesiya, na biya kuɗin kwas na kwana biyu a wata makarantar koyon tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska. Kuɗin ya ɗan ciji aljihu, amma ban yi nadama ba.

Ranar farko aka ɗora ni a wani ƙaramin jirgi samfurin Laser, mai tsawon mita 4.2. Ginshiƙinsa, wato dogon sandan da ke riƙe ƙyallen da iska ke turawa, ba shi da waya ko ɗaya, a rami kawai ake zura shi. Iska na kaɗawa sai ka ga kansa ya lanƙwasa, ya zubar da rarar iskar. Abin ya burge ni ƙwarai. Shi ya sa washegari da muka hau babban jirgi na ga wayoyin ƙarfe gaba da baya, hagu da dama, ina ta tuntuɓe da su, na tambayi malamin amfanin wannan tarkacen.

Bai yi dogon bayani ba. Ya ce in kama wayar ɓangaren da iska ke bugowa. Wallahi kamar sandar ƙarfe, har rawarta nake ji a tafin hannu. Ta ɗaya gefen kuwa sako-sako. Nan na gane: kamar eriyar gidan rediyo ce da ake ɗaurewa ta kowace kusurwa. Wayoyi ke ɗaukar ja, ginshiƙi kuma nauyin dannawa kaɗai yake sha, don haka ana iya yin sa dogo, siriri, mara nauyi da alminiyom. Wanda ba shi da waya dole gindinsa ya yi kauri, a ƙarfafa jikin jirgin inda ya zauna, kuma nauyi a sama yana sa jirgi tangaɗi. In ana so a rage masa nauyi sai a koma ga zaren kabon, mai ɗan karen tsada.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne wayar gaba. A jikinta ake rataya ƙyallen goshi, wato na gaban ginshiƙi, kuma sai ta ɗaure tam bakin ƙyallen ke miƙewa. Da malam ya ƙara ɗaure wayar baya, wadda ke jan ginshiƙi baya har ta gaba ta ƙara ɗaurewa, na ji jirgin ya ƙara kutsawa wajen da iska ke fitowa, kusan digiri 45.

Bai ɓoye mana aibun wayoyin ba. Ya nuna mana wani fil mai riƙe waya da bai kai ɗan yatsa ba, ya ce in ya zare, ginshiƙin gaba ɗaya zai iya kifowa, shi ya sa ake sauya wayoyin bayan shekara goma ko makamancin haka.

Ƙorafina ɗaya: mu shida ne a jirgin, sitiyari bai zauna a hannuna ya kai awa ɗaya ba. Mai niyyar zuwa ya tambayi yawan ɗalibai kafin ya biya, kuma ya riƙe safar hannu, domin igiya ta saɓule mini fatar yatsu biyu.