Wasiƙa daga Berlin zuwa shagonmu na Maradi a kan kayan kwamfuta da gyaransu

Ranka ya daɗe maigida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan yaran shago, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka yi ta aiko mini, wato ko ya fi riba a riƙa sayen kayan kwamfuta a nan Jamus ana aikowa Maradi, ko kuwa a ci gaba da ɗaukowa daga Kano kamar yadda aka saba. Na zaɓi in yi bayanin a rubuce domin duk wanda ke cikin sana'armu ya samu damar karantawa a tsanake, tunda saƙon murya saurara ake yi a manta.

Kayan dai ɗaya ne. Kwamfutar da ke jere a manyan shagunan kayan lantarki irin su MediaMarkt ko Saturn na Berlin, da wadda ta taso daga Dubai ta sauka Kano ta shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, mafi yawansu daga masana'antun Sin da maƙwabtanta suka fito, kuma sabuwa ba ta da araha a nan yadda ake zato a gida. Akwai harajin kashi 19 cikin 100 a cikin farashinta, sannan yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗan ɗoriya, canjin da ba ya motsi. Na'urar yuro 600 ta kama kusan jikka 394 ke nan tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na duwan. Wanda ya yi lissafin da kyau zai ga ribar ta ƙare a hanya.

Inda aka sha bamban shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayarwa alhakin sabon kaya har shekara 2, kuma a Jamus tun daga 2022, idan aibi ya bayyana cikin wata 12 na farko, ana ɗauka cewa da shi aka sayar da kayan, sai dai in mai shago ya kawo hujjar cewa mai saye ne ya ɓata. Abin da aka saya ta intanet kuwa ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ba tare da an faɗi dalili ba, a karɓi kuɗin. Babu tayi da albarka a cikin shago, farashin da ke manne shi ne farashi, amma masu sha'awar kwamfuta suna yin nasu cinikin ta wata hanya: suna duba shafukan kwatanta farashi irin su Geizhals da Idealo, inda ake ganin yadda kuɗin kaya ya hau ya sauka cikin watanni, su jira ranar da ya faɗi. A wurinmu garanti shi ne a kunna a gabanka ta kama, sauran kuma ya rage ga mutuncin da ke tsakaninka da mai kaya, kuma ban raina wannan ba, domin na sha ganin ka canza wa mutum caja bayan wata guda saboda ka san gidansu. Sai dai ya kamata a sani cewa garantin Jamus ba ya bin kaya zuwa Maradi a aikace. In na'ura ta mutu a Sabon Gari, sai an mayar da ita hannun wanda ya sayar, kuma kuɗin zuwa da dawowa zai iya kusantar kuɗin gyaranta sau da yawa.

Maganar gyara ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma a nan ne nake ganin mun fi su. Hannun ma'aikaci yana da tsada ƙwarai a ƙasar nan. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a awa ɗaya, wato sama da jikka 8, mai gyaran kwamfuta kuwa yana cajin abin da ya ninka haka sau da dama, saboda hayar shago da haraji da inshora duk suna kansa. Sakamakon haka, idan kwamfuta ta ƙi tashi, mafi yawan shaguna ba sa neman ƙwayar da ta ƙone a kan kat-mer, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, sai su ce a canza allon gaba ɗaya, kuma da mai na'ura ya ji kuɗin sai ya gwammace ya sayi sabuwa. Aikin da yaran shagonmu ke yi kullum, a ɗauki mita a bi layin wuta har a gano inda ya yanke, a ɗaga ƙwaya a dasa wata da dalma, a nan aikin ƙwararru ne ƙalilan, kuma ana aika musu na'urori daga garuruwa masu nisa. Na gyara wa wani abokin aikina bakin caja da ya saki, aikin da a gida ba za mu tsaya yin ciniki a kansa ba, sai ya riƙa ba mutane labari kamar na yi wani abin al'ajabi.

Su ma sun fara jin zafin wannan asara. Akwai abin da suke kira shagon shayin gyara, wanda aka fara a Amsterdam a 2009 ya bazu zuwa Jamus, inda masu sa kai, yawancinsu dattawan da suka yi ritaya daga aikin lantarki, ke zama a wani ɗaki na unguwa da yamma, mutane su kawo rediyo ko kwamfuta a gyara tare kyauta. Abin da ya gagara ana kai shi filin tara tsofaffin kaya na hukumar gari, domin doka ta hana jefa kayan lantarki a shara. Na tsaya a irin wannan fili ina kallon gilasai da allunan madannai masu rai a cikin kwantena, amma ba a barin kowa ya ɗauka, ko da dunƙule ɗaya ne na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Saboda haka kasuwar da ta dace da mu ita ce ta kayan hannu. Kamfanoni da ofisoshi a nan sukan yi hayar kwamfutoci na shekara 3 ko 4, in wa'adi ya cika sai dillalai su kwashe, su goge, su gwada, su sayar da garantin shekara 1. Daga nan ake samun kwamfutocin tafi-da-gidanka irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, waɗanda aka ƙera domin aiki, masu sauƙin kwancewa, kuma kayan gyaransu suna samuwa. Akwai kuma shafin Kleinanzeigen inda mutane ke sayar wa juna, farashi ya fi sauƙi kuma ana tayi, amma kusan kowa yana rubuta cewa babu garanti babu mayarwa, don haka nan ma ido ne da sa'a.

Ina so ku yi hattara da abu ɗaya a wannan kasuwa. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da furosesa ta zamani, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Ofisoshi suna fitar da na'urorin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma ina kyautata zaton da yawa daga cikinsu kasuwanninmu za su nufa da farashi mai jan hankali. Ba matattu ba ne, suna aiki sarai, kuma da Linux Mint a kansu, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, za su yi wa ɗalibi ko mai buga takardu hidima shekaru, amma bai dace a sayar wa mutum ita a kan kuɗin ta zamani ba, kuma mai saye ya cancanci a gaya masa gaskiya. Sai kuma allon madannai: na Jamus jerin QWERTZ ne, Z na zaune a gurbin Y, ga wasu haruffa na harshensu da ba mu da buƙata. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ma'aikatan ofis sun saba da AZERTY na Faransanci, ƴan kasuwa masu hulɗa da Kano kuma da QWERTY, saboda haka na'urar Jamus sai an canza mata allo ko an manna mata haruffa. Filoginsu dai mai ƙafa biyu ne irin namu, wutar ma kusan ɗaya ce.

Abin da na ga ya cancanci a aiko shi ne ƙananan kayan ƙara ƙarfi, waɗanda ke shiga aljihun matafiyi. Cire diski mai juyawa a sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ba abin da ke juyawa a cikinta, shi ne canjin da ya fi kowane tasiri a tsohuwar na'ura, yana rage lokacin tashi, ba ya tsoron jijjigar babur a kan hanya, kuma ba ya cin wuta sosai. Bayansa sai RAM, daga giga 4 zuwa 8 ko 16. A nan na fi samun natsuwa da asalin kaya, domin abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, ba irin filashin USB da ke nuna giga 128 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Sai dai nau'o'in RAM, wato DDR3 da DDR4 da DDR5, ba sa shiga gurbin juna, kuma yawancin siraran kwamfutocin yanzu an liƙe RAM ɗinsu a jikin allo, babu ƙari babu ragi. Ni ban ga hikimar kai irin waɗannan garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 ba, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, domin na'urar da ba ta buɗuwa cikin sauƙi ba ta sharuwa. Batir kuwa kada ku sa rai da shi daga nan, dokokin ɗaukar batirin litiyam a jirgi da gidan waya suna da tsauri.

Wuta ba ta yankewa a nan sai da wuya, matsakaicin abin da gida ke rasawa a shekara bai kai minti 15 ba, shi ya sa ba za ka ga na'urar riƙe wuta ko injin wuta a gidan mai kwamfuta ba. Idan na tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da aka katse layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, sai in ga kamar duniya biyu ce. Amma wutar tana da tsada, kilowat ɗaya a awa yakan kai santim 35 zuwa 40 na yuro, wato kusan sefa 250, saboda haka masu ajiye ƙaramar sabar a gida, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, suna auna cin wutarta kamar yadda mai awo ke auna gero, kuma da yawa sun koma ƙananan na'urori irin Raspberry Pi. Intanet na gida ba shi da iyaka, amma yarjejeniyarsa yawanci ta wata 24 ce, ana iya jira makonni kafin ma'aikaci ya zo ya haɗa, kuma gidaje da dama har yanzu a kan tsohuwar wayar tagulla suke. A Maradi mutum ya sayi kati ya samu intanet kafin shayi ya tafasa. Ofisoshin nan kuma suna son wasiƙar takarda ƙwarai, wasu ma har yau suna amfani da fakis.

Game da taruka, akwai iri biyu. Baje kolin IFA da ake yi a Berlin kowane Satumba tsoho ne, an fara shi a 1924 a matsayin nunin rediyo, kuma yanzu zaurukansa cike suke da talabijin da wayoyi da firiji masu haɗuwa da intanet. Wuri ne na kallo da talla, ya fi amfani ga dillali mai neman hulɗa da masana'antun Asiya, waɗanda ke da rumfunansu a can. Babban bajen kwamfuta na Hanoba, CeBIT, wanda aka daɗe ana jin sunansa, an daina shi tun 2018.

Wanda ya fi shiga raina shi ne taron ƙungiyar Chaos Computer Club, wadda aka kafa a 1981, da ake yi daga 27 zuwa 30 ga Disamba, yanzu a Hamburg. Masu sa kai ne ke gudanar da kusan komai, su shimfiɗa wa taron intanet da layin waya na kansa, kowace ƙungiya ta kafa teburinta da ƙarfen dalma da kayan awo, kuma duk wanda ya zo da tambaya ana jawo masa kujera. Na ga yara ƙanana suna koyon liƙa ƙwaya a gefen injiniyoyi masu furfura. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Tikiti yana ƙarewa da wuri, amma jawaban ana ɗora su a intanet kyauta, da yawa cikin Ingilishi, don haka yaran shago masu jin harshen za su iya saukewa. Haka nan FOSDEM na birnin Brussels, taron masu manhajojin da kowa ke da ikon gyarawa, wanda ake yi a harabar jami'a wajen farkon Fabrairu, shiga kyauta ne ba tare da rajista ba, kuma akwai masu jin Faransanci da yawa. Tsakanin manyan tarukan kuma akwai ɗakunan haɗuwa na unguwa, irin c-base na Berlin, inda membobi ke haɗa kuɗin haya da na kayan aiki. Na lura cewa ba a ɓoye sani a irin waɗannan wurare, wanda ya gano dabara yakan rubuta ta ya baza, saɓanin wasu masu gyara na wajenmu da ke juya wa yaro baya in sun zo wurin da asirin aikin yake. Kai ba ka yi mana haka ba, shi ya sa na faɗa ba tare da jin nauyi ba.

Akwai wani ɗan gari da zai taho gida bayan salla, kuma ya yarda ya riƙo ƙaramin ƙunshi. Ina roƙon a sa yara su juya kowace na'ura da ke jiran ƙari su ɗauki hoton lambar da ke ƙasanta, su buɗe su duba ko gurbin SSD ɗin na SATA ne ko na NVMe, da irin RAM ɗin da ke ciki da adadin gurabensa, a turo mini kafin ƙarshen wata domin in samu lokacin jiran farashi. A gaida Hajiya da yara, a kuma gaida maƙwabtanmu na layin masu waya.