Ciwon baya: tausar ƙwararre ko tattaki da abokai?

Salon gyaran ƙashin baya da hannu da ake kira chiropractic, wanda wani mai suna D.D. Palmer ya fara a Amurka a 1895, yana da daɗinsa: ka kwanta, ƙwararre ya danna, gaɓa ta yi ƙara, wasu su ji sauƙi nan take. Sai dai kowane zuwa da kuɗinsa, kuma mai raunin ƙashi dole ya fara ganin likita.

Tattaki kuwa kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ni nan na fi karkata, musamman bayan sallar asuba, ana tafe ana hira. Ranar da kasala ta kama ka, abokin tafiya zai ƙwanƙwasa ƙofa.