Robar tauna ta 'yan kyanwa: ta ceci igiyoyin caja, amma ba magani ba ce

Wannan sharhi ne a kan robar tauna da ake sayarwa don 'yan kyanwa masu famfara. Na saye ta a wajen wata mai talla a WhatsApp, wadda ke kawo kayan dabbobi daga Duwala zuwa nan Garwa. Guda uku ne a leda: sandar roba mai ƙuraje-ƙuraje, wani ɗan matashi da aka lulluɓe da raga aka cusa masa ganyen catnip, wani ganye mai ƙamshi da ke sa mage zumuɗi, sai wani ƙwallo mai gashin kaza da zare. Jaka uku na kuɗin sefa na biya har da kuɗin mota.

Kuliyar tawa ta shiga wata na huɗu ke nan lokacin da ta fara gurgurar duk abin da bakinta ya kai: igiyar caja, bakin tabarma, madaurin takalmi, har yatsun ƙafar maigida in yana kishingiɗe. Ba ƙiriniya ba ce zalla. Ɗan mage yana fitar da haƙoran nono guda 26 tun yana da mako 2 zuwa 6 ko fiye kaɗan, daga wata 3 kuma su fara zubewa, na dindindin guda 30 su maye gurbinsu, aikin ya kammala wajen wata 6 zuwa 7. Cikin wannan tsakanin dasashi na ƙaiƙayi, ya ɗan yi ja, yawu ya ƙaru, baki ya ɗan yi wari. Yawancin haƙoran haɗiye su take yi tare da abinci, ba kuma wata illa. Ni fiƙa ɗaya tak na tsinta a kan tabarma, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Sandar robar ita ce ta biya kuɗinta. Taushinta daidai, takan lotsa in na danna da farce, don haka ba ta fasa sabon haƙori. In na sa ta a firji ta yi sanyi, kuliyar takan riƙe ta da ƙafafun gaba ta yi ta tauna da gefen baki har ta gaji. Tun daga nan caja ta huta. Sai dai a zafin Garwa na watan Afrilu sanyin ba ya daɗewa a jikinta, in kuma an ɗauke wuta shi ke nan. Tsumma mai tsabta da na jiƙa da ruwan randa na murɗe ya yi kusan aikin da robar ta yi, ba tare da ko dala ba. Wannan ba zan ɓoye wa mai son saye ba.

Matashin catnip kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Mai tallar ta ce min, "Hajiya, da ta shinshina za ta haukace a kansa." Ba ta haukace ba. 'Yan kyanwa ƙanana ba su cika jin wannan ganye ba sai sun yi 'yan watanni, wasu magen ma har su tsufa bai dame su ba, abin gado ne. Sa shi cikin kayan masu famfara dabarar kasuwa ce kawai.

Ƙwallon shi ne ya ɓata min rai. Gam ɗin da aka manna gashin da shi bai jure zafi ba, zaren ya fara warwarewa. Zare a bakin mage ba abin wasa ba ne: harshenta na da ƙayoyi masu kallon baya, abin da ya shiga da wuya ta tofar, zaren yakan naɗe ƙarƙashin harshe, sauran ya bi hanji ya tattare shi, sai an yi tiyata. Na jefa shi a shara.

Abin da leda ba ta faɗa ba, a wajen likitan dabbobi na ji shi, ranar da na kai ta allurar rigakafin haukan kare, wadda ake fara yi wa mage daga wata 3. Maƙwabciyata, Inna, ta ga kuliyar na zawo ta ce haƙori ne, kamar yadda ake cewa a kan yara, a bar ta zai wuce. Dokta ya ce famfara ba ta kawo zawo ko zazzaɓi. Tsutsar ciki ce, ya ba da magani daidai nauyinta, zawon kuwa ya tsaya. Dokta ya buɗe bakinta ya nuna min abin da zan riƙa dubawa: in sabuwar fiƙa ta fito tsohuwar ba ta faɗi ba, su biyu suka jeru, abinci zai riƙa maƙalewa a tsakani, dasashi ya kumbura, sabuwar ta karkace. Irin wannan cirewa ake yi. In kuma aka ga gyambo a harshe tare da atishawa da majina, murar mage ce, ba haƙori ba. Ɗan mage da ya yini ya kwana bai ci komai ba, a kai shi asibiti.

Ya ja min kunne sosai a kan farasitamol. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka man shafawa na dasashin jarirai da ake samu a kantin magani, musamman mai sinadarin kashe zafi na benzocaine, yana lalata mata jini. Ƙayar busasshen kifin Lagdo da ƙashin kaza dafaffe su ma a nisanta su, don sukan tsage su soki baki. Ni dai nakan jiƙa mata abincinta da ruwan ɗumi, ko in ɓare tsokar kifi in tsince ƙayar.

Da sandar kaɗai ake sayarwa a jaka ɗaya, da na ce kowa ya saya. A jaka uku, da sauran tarkacen biyu, na ba ta biyu da rabi cikin biyar. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, ya ajiye su don allura da maganin tsutsa, ya murɗa tsumma.