Williams ko Bleyer: Wa Ya Fi Iya Koyar da Aikin Jarida?

Walter Williams bai yi karatun digiri ba, a gidan buga jarida ya taso tun yana matashi. Da ya buɗe makarantar koyon aikin jarida a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1908, sai ya tsaya a kan cewa ɗalibi da hannunsa zai koya. Tun ranar farko ɗalibai suka fara fitar da jarida ta gaske, wadda yanzu ake kira Columbia Missourian. Su shiga gari su nemo labari, su rubuta, edita ya gyara, mutanen gari su karanta. A wajensa jarida amanar jama'a ce, kuma a bakin aiki ake koyon riƙon amana.

Willard Bleyer na Jami'ar Wisconsin kuwa ɗan boko ne mai digirin digirgir. Shi a ganinsa kashi ɗaya cikin huɗu na karatun ya isa a ba darussan sana'ar, sauran a ba tarihi, tattalin arziki, siyasa da ilimin zamantakewa, domin dimokuraɗiyya ba ta tsayuwa sai jama'a sun fahimci abin da ake yi da sunansu.

Ɗalibin Williams ya fi saurin shiga aiki, wannan ba gardama. Amma ni na fi karkata ga Bleyer. Rubuta kanun labari ana iya koyonsa cikin 'yan watanni a ɗakin labarai. Wanda bai san yadda ake tsara kasafin kuɗi ba kuwa, minista zai karanto masa alƙaluma, shi kuma ya kwafe ya buga ba tambaya.