Shayin wankin cikin nan da ake ta talla: yana aiki, amma tauraro biyu kawai zan ba shi

Mutane na ta tambayata a kan shayin nan na wankin ciki da ya cika kemis-kemis da shagunan maganin gargajiya, wanda ake cewa wai yana maganin basir da tumbi da taurin bayan gida duk a lokaci ɗaya. Bazan kama sunan kamfani ba, na dai sayi kwali na sha, kuma a gidanmu akwai wadda ta daɗe tana shan sa, dan haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Maganar aiki kam yana yi, ba ƙarya. Jaka ɗaya ake tsomawa a ruwan zafi, ruwan ya yi ja-ja duhu, akwai ɗan ɗaci da ƙamshin na'a-na'a, ba shi da wuyar sha. Na sha bayan isha, kafin kiran assalatu cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki, zufa tana keto min, ranar ban iya zuwa ko'ina ba sai bayan azahar saboda zaryar banɗaki. In ka duba bayan kwalin da ƙananan rubutu zaka ga an sa Senna, to wannan ganyen ɗan'uwan filaskon nan ne da kakanninmu ke jiƙawa, shi ke tsikarar hanji ya tura abin da ke ciki da ƙarfi, yawanci cikin awa 6 zuwa 12. Mutumin da ya kwana uku ko huɗu bai zaga ba, ciki ya yi tam, in ya sha sau ɗaya zai samu sauƙi, kuɗinsa ma ba wani yawa ba. Iyakar yabon da zan masa kenan.

Abin da ya ɓata min rai shi ne babu inda aka rubuta a daina bayan kwana kaza, mai shagon ma cewa ya yi a dinga sha kullum da daddare wai yana wanke dattin ciki. Alhali likitoci na cewa irin wannan maganin kar a wuce sati ɗaya ana sha sai da izininsu, dan in an daɗe jiki na zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, mutum ya dinga jin kasala da bugun zuciya, hanjin kuma ya saba sai an tsikare shi sannan ya motsa. Ramar da ake murna an yi ruwa ne ya fita, kitsen na nan inda yake. Sannan ko kalma ɗaya babu a kan masu ciki da yara da masu ciwon ƙoda.

Gwaggona ta haura sittin, ita ce ta riƙe shi kamar shayin safe. Da can ita mai zagawa kullum ce, sai abu ya canza, yau tauri gobe gudawa, wani lokacin da majina da ɗan jini, kowa ya ce basir ne ai, a ƙara mata shayi. Mu a wajenmu komai ya taɓa ƙasan nan basir ne, wallahi wannan kalmar ta ɓoye cututtuka da yawa. Ni abin da ya tsorata ni ranar da na ga tana ɗaura zani sai da ta ƙara zagaye, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu, tafin hannun fari fat. Muka kai ta asibitin koyarwa, likitan ya tambaye ta, "Hajiya tun yaushe bayan gidan naki ya canza?" ta ce tun kafin azumi, ya ajiye biro ya ce a daina shayin nan daga yau. Aka auna jini aka ga ya yi ƙasa sosai, aka yi mata gwajin da ake zura siririyar kyamara ta dubura a leƙa babban hanji, sai ga tsiro a ciki. An cire an kai lab, wato ɗakin gwaji, yanzu tana hannun likitoci, Allah ya ba ta lafiya. Ba shayin ne ya sa mata ciwon ba, a yi adalci, amma shi ya sa aka yi ta ganin kamar ana magani alhali lokaci na tafiya.

Dan Allah duk wanda yanayin bayan gidansa ya canza har sati 3 bai dawo daidai ba, musamman in ya kai shekara 45 zuwa sama ko akwai mai kansar hanji a danginsu, ya je asibiti kafin ya sayi wani kwali. Haka in ka ga jini, ko bahaya baƙi ƙirin mai yauƙi da wari, ko ya koma siriri, ko kana ramewa ba dalili, ko ka zaga amma kullum kana jin kamar da saura. Zai iya yiwuwa basir ɗin ne da gaske ko tsagewar dubura saboda yunƙuri, sau da yawa ma hakan ne, amma likita ne zai duba ya faɗa ba mai shago ba. In kuwa ciki ya kumbura ga amai ga ciwo mai tsanani ko iska ba ta fita, wannan kar a ba shi komai na wankin ciki, a wuce imajensi a daren dan hanji na iya toshewa.

Shi taurin bayan gida na yau da kullum, wato ƙasa da sau 3 a sati ko sai an yi ta nishi, yawanci dalilinsa a fili yake: zafi ga rashin shan ruwa, kullum farar shinkafa da biredi da indomi, zama wuri ɗaya, riƙe bayan gida dan ana ƙyanƙyamin banɗakin kasuwa ko na makaranta. Maganin ƙarin jinin da ake ba masu ciki wajen awo ma yana kawo shi, haka tramol da kodin. Ni abin da ya gyara min nawa kwaɗon zogale da rama, wake, miyar kuɓewa, gwanda ko kankana da yamma, ruwa sosai tun safe, da ɗan tattaki bayan magariba. Ranar da abin ya ƙi kuma wata ma'aikaciyar kemis mai ilimin magani ta ba ni sirof ɗin Lactulose, shi ruwa yake jawowa cikin hanji ya tausasa bahaya, yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya yi aiki kuma yana sa iska a ciki, ya fi shayin tsada, amma ban ji wannan murɗar ba.

Shayin dai tauraro biyu cikin biyar. In za ku saya ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku karanta abin da aka zuba a ciki, a sha sau ɗaya ko biyu a ajiye, kuma kar a ba tsofaffi sai likita ya duba su tukunna.